Umarninki da Ban Maimaita Ba

Ya ke sanyin idanuna, inuwata a tsakar rana, ruwan farko da ya sauka a kan busasshiyar zuciyata, matata, hasumiyata wadda babu irinta a duk filayen jiragen duniya!

Ina gaishe ki gaisuwar wanda kewa ta cinye. Yaya Inna da ciwon gwiwarta? Yaya ɗalibanki masu surutun tsiya? Na ɗauki biro na ajiye waya ne saboda a waya na iya ƙarya, kin kuwa sha ta wata uku cur. Duk ranar da kika tambaye ni karatu sai in ce miki lafiya lau. Ba lafiya ba, masoyiyata, kuma na gaji da ɓoyewa.

Jirgin saman da na zo koyon tuƙawa bai gagare ni ba. Ƙarami ne mai kujera biyu, hannuna ya saba da shi tun mako na uku, har malamina, wani tsohon kyaftin da muke kira Baba Tsaf don tsantseninsa, ya ce ina sauke shi kamar mai ajiye ƙwai. Bakin mutane ne ya gagare ni. Turancin nan da na ci jarrabawa da shi a takarda, da aka zuba mini shi a kunne ta rediyo, ga rugugin inji, ga mai hasumiya yana jero lambobi kamar ana korarsa, sai ya koma mini ruwan sama a kan rufin kwano. Ina jin ƙara, ba na jin magana.

Kin san dokar aikin nan: duk umarnin da hasumiya ta ba matuƙi, sai ya maimaita mata shi tiryan-tiryan, in bai maimaita ba ba a ɗauka ya ji ba. In kuwa bai gane ba, sai ya ce a sake faɗa. Kalma biyu ce kacal a Turance! Amma ni da aka rena a gidan da ba a sa babba ya maimaita magana, ni da na tashi da "to" a baki ko na gane ko ban gane ba, ta yaya harshena zai ɗauke su?

Wata ranar Talata da safe muna gangarawa zuwa titin tashi, mai hasumiya ya yi magana. Rabi na kama, rabi ya bi iska. Kunya ta kama ni, ga sauran ɗalibai duk suna saurare a layi ɗaya. Sai na ce na ji, na ƙara wuta. Ashe cewa ya yi in tsaya kafin jan layi! Baba Tsaf ya taka birki har goshina ya kusa dukan gilashi, wani ƙaton jirgi ya wuce ta gabanmu yana sauka, iskarsa na girgiza mu. Bai daka mini tsawa ba, da ma ya daka. Cire abin sauraren rediyo da ke kunnensa kawai ya yi, ya dube ni ya ce: "Ɗana, wannan ladabin naka kai gida za ka yi. A nan, wanda ya ce bai gane ba shi ke komawa wurin iyalinsa."

Tun daga ranar aka sauke ni daga tashi. Abokan karatuna suna sama, ni ina aji da abin kunne ina sauraren tsofaffin muryoyin hasumiya, har Dogo abokin ɗakina ya ce in na yi atishawa ma yanzu da lambar jirgi nake yi. Na yi dariya ne kawai don kar ya ji kunya. Ranar Alhamis za a gwada Turancina baki da baki. Na taɓa faɗuwa sau ɗaya, ban gaya miki ba. In na sake faɗuwa, sai haɗa kaya.

Wayyo, hasken raina! Kin tuna yammacin nan a falon Yaya, da kika naɗe littafin ɗalibai kika mai da shi makirufo, kika toshe hanci don muryarki ta yi kama da rediyo, kika ƙure fanka wai ƙarar inji ce? Kina ba ni umarni, in na yi tuntuɓe ki ɗana mini rula a hannu, Inna na leƙowa tana cewa ku biyun nan sai addu'a. A bakinki Turanci zuma ne, ko sau goma na ce ki sake ba na jin nauyi. Me ya sa duk hasumiyoyin duniya ba su da muryarki? Yanzu kin ce duk jirgin da ya gitta saman makarantarku sai yara su ruga taga suna ihun ga mijin Malama. Da wane ido zan wuce ta ƙofar makarantar nan a ƙasa, da jakata a kafaɗa? Wannan tunanin ya fi jarrabawar hana ni cin abinci.

Akwai abin da ya fi komai ci mini rai. Ranar da kika raka ni tashar mota, kin riƙe igiyar jakata, idonki ya cika, kika ce: "Ko da lasisi ko babu, ka dawo mini." Ni kuwa, da girman kai irin na wanda bai taɓa faɗuwa ba, na yi dariya na ce "to". Ban maimaita ba. A dokar aikina ke nan ban karɓi umarnin ba, wata uku ina tafiya babu izini.

To ga shi yau, hasumiyata, a hankali, ba kunya, ba gaggawa: in dawo miki, ko da lasisi ko babu. Haka kika ce? Har yanzu haka ne, bayan kin karanta duk wannan? In akwai gyara ki gyara mini, in babu ki tabbatar mini kafin Alhamis. Na tsaya cak a bayan jan layi, ƙafata a kan birki, ba zan motsa ba sai na ji muryarki.

Naki ne ni a sama, naki ne a ƙasa, har ranar da numfashina zai yi saukarsa ta ƙarshe.

Mijinki, ɗalibinki mai taurin kunne.