Ta'aziyyar Mutumin da Ya Hana Taga Hawa Kan Taga

Cikin alhini da sunkuyar da kai ga hukuncin Mai Duka, Majalisar Tsara Ƙa'idojin Fuskar Kwamfuta, a madadin Mai Girma Shugabanta, da Masu Girma Mataimakansa biyu, da masu kujeru goma sha ɗayan da suka rage, tana sanar da jama'a cewa da hantsin Litinin ta samu labarin rasuwar Babban Injiniya, Dattijon Kwamitin Tagogi da Madannai, Mai Kujera ta Bakwai, wanda ma'aikata suka fara kira Baba A'a a bayan idonsa, daga baya kuma har a gabansa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Shekara ashirin da shida marigayi ya yi yana wa wannan Majalisa hidima. Duk wanda ya taɓa buɗe wasiƙa a kwamfuta, ya buɗe hoto a gefenta, ya ga taga ɗaya ta hau kan 'yar'uwarta ba tare da rigima ba, to ya ci guminsa bai sani ba, domin shi ya rubuta ƙa'idar da ke yanke wace taga ce a sama, wace ce a ƙasa, wace ce kuma ke karɓar abin da yatsu ke bugawa. Doka ɗaya ya kafa ya zauna a kanta: taga ba ta ɗaga kanta, ba ta kuma karɓar madannai, sai mai kwamfutar ya miƙa mata da hannunsa. A lokacinsa wannan hikima ce, ba mu musa ba. Lokacin ne ya wuce ya bar shi zaune a bakin ƙofar ɗakin taro, kan kujerarsa mai gajeriyar ƙafa da ya tokare da nannaɗaɗɗiyar takarda, ya kuma hana a sauya masa.

Gaskiya ba ta ɓata ta'aziyya, don haka za mu faɗe ta. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, Masu Daraja Abokan Hulɗarmu suka kawo daftarin da zai ba taga mai muhimmin saƙo, ko sanarwa ko talla, damar fitowa saman kowace taga ta karɓi madannai nan take. A tsarinmu, kowane mai kujera yana da jan kati guda, kuma in ya jefa shi a akwatin gilashin da ke tsakiyar teburi, daftari ba ya motsi har sai hannun da ya jefa ya ciro. Marigayi ya jefa nasa tun kafin a gama karanta shafi na biyu. Aka lallashe shi, aka ba shi lambar yabo, aka mayar da ofishinsa kusa da banɗaki, aka daina gaya masa in an sauya lokacin taro, amma ina! Sai mu shigo mu tarar da shi ya riga kowa, yana goge gilashin akwatin da hannun rigarsa. Tsakani da Allah, mutumin nan ya zame mana ƙadangaren bakin tulu, kuma ni mai wannan rubutu na sha fita daga taro kaina na sarawa saboda shi.

Hujjarsa kuwa ba ta taɓa wuce ɗakin kwanansa ba. Uwargidansa ta rasa ganinta tuntuni, da madannai kaɗai take aiki, wata manhaja tana karanta mata abin da ke gabanta da murya. Ga abin da ya faɗa, kamar yadda yake a kundin taro har sau arba'in da uku: "Ku da ido kuke gani in taga ta faɗo muku. Maman yara ba ta gani. Tana cikin buga kalmar sirrinta, wani ya miƙo hannu tsakanin cokali da bakinta, ku ce mini wannan ci gaba ne? A'a." Majalisa tana girmama irin wannan ƙauna, abin sha'awa ce ƙwarai a cikin gida. Sai dai ba a taɓa tsayar da duniya saboda mace ɗaya ba, kuma mun yi mamakin yadda mai ilimi kamarsa ya kasa gane hakan har ya koma ga Mahaliccinsa.

Sashe na tara na tsarin Majalisa ya tanadi cewa jan kati yana faɗuwa da rasuwar mai shi. Bisa wannan, Mai Girma Sakatare ya buɗe akwatin da azahar ɗin Litinin, bayan shiru na minti ɗaya da aka yi a tsaye, kuma daftarin ya wuce da ƙuri'a goma sha ɗaya, babu ko tari. Mun ji wasu ƙananan ma'aikata na raɗa a matattakala cewa faɗuwa ta zo daidai da zama. An ja musu kunne, domin ba a faɗin irin wannan a makon rasuwa.

Washegari 'yarsa ta fari, wadda ita ma injiniya ce daidai gwargwado, ta zo ofis idanunta a kumbure, ta nemi a bar ta ta riƙe katin. A rubuce ta bar mana cewa, "Baba bai ciro shi ba, ku ma shaida ne. Ku bar shi ko na wata uku, in samo wa Mama hanyar da za ta bi." An zaunar da ita a ɗakin jira, an ba ta ruwa, an kuma karanta mata sashe na tara har sau biyu, don a tabbatar ta ji. Kati ba gona ba ne, ba a gadonsa. Da ta ga babu fuska, sai ta rage roƙon ya koma guda: aƙalla na'urar ta riƙa gaya wa mahaifiyarta duk lokacin da wata taga ta karɓe madannan daga hannunta.

Muna roƙon Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kafiyarsa kamar yadda muke ƙoƙarin yafe masa, ya ba uwargidansa da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin jure wannan rashi, da kuma sauye-sauyen da za su biyo bayansa. Kayan ofishinsa, wato kofi, da tabarau biyu, da littattafan da ya cika da zanen tagogi, suna cikin kwali a wurin mai gadi, a zo a ɗauka kafin Juma'a domin ana bukatar wurin.

A ƙarshe, don kada a ce Majalisa ba ta san mutunci ba, ta amince da roƙon 'yar tasa, ta kuma haɗa shi da karramawa: an raɗa wa sabuwar ƙa'idar sunan marigayi na yanka, cikakke. Sabuntawar za ta sauka da kanta a kowace kwamfuta farkon wata, har da ta uwargida, ba sai ta danna komai ba. Daga ranar, duk lokacin da wata taga ta faɗo ta karɓe abin da take bugawa, muryar na'urar za ta sanar da ita bayan an riga an karɓe, kuma da sunan mijinta za ta sanar.

Sa hannu,
Mai Kujera ta Biyu,
Kakakin Majalisa, kuma sabon Dattijon Kwamitin Tagogi da Madannai.