Hancin Mama ya daina jin yansun

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina.

Shekara ashirin Mama tana gasa biskit da kek a gida, masu shaguna suna sara. Sirrinta ruwan yansun ne, 'yar kwalba mai ƙamshi, ɗigo kaɗan ya ishi kwaɓi guda. Ba ta taɓa awo ba, tana ɗigawa tana shinshinawa har ya yi mata. To tun da ta yi wata doguwar mura hancin ya daina ji. Sai ta yi ta tsiyayawa, wai yansun ɗin yanzu ba shi da ƙarfi. Biskit ya koma kamar magani. Mai shagon bakin titi ya daina aikowa. Yayana kuwa gwanin yabo, a gabanta ya tauna, ya fita ya tofar.

Ni ma ba gwara ba, na fara sirka kwalbar da ruwa a ɓoye. Jiya ta miƙo mini biskit guda ta ce in gaya mata tsakani da Allah, na ce ya yi daɗi. Wallahi tun lokacin na kasa zama wuri ɗaya. Da wannan sana'ar ta riƙe mu bayan rasuwar Baba, ta ina zan fara?

Auta mai zullumi

Auta, sannu. Tausayi ne ya sa ki, na sani, amma ki daina sirka kwalbar nan yau. Ranar da ta ƙare aka sayo sabuwa, me za ki yi?

Ki lura, ba yayanki ta tambaya ba, ke ta tambaya. Mai shekara ashirin a bakin murhu ta san ciniki ya ja baya, wanda zai faɗa mata dalili take nema. Zai yi mata ciwo, amma bai kai ta ji a bakin mai shago ba.

Ki same ta ku biyu, ki faɗa mata, har da zancen ruwan. Ki raka ta wajen likita, sau da yawa jin ƙamshi yakan dawo. Kafin nan ku yi kwaɓi tare: ita ta ɗiga, ke ki shinshina, ku ƙirga ɗigon ku rubuta. Hannunta na nan lafiya lau, hanci kawai za ki ara mata.

Allah ya ba Mama lafiya, ya yi miki albarka.