Taken Baba a Ƙahon André

Litinin, 12 ga Mayu 2014

Shekara takwas da wata bakwai rabona da Maradi. Hatimin fasfo ne ya tuna mini, ba wai ina ƙirgawa ba.

Ina kwance ƙarƙashin injin wankin wata tsohuwa a nan Rillieux, gefen Lyon, ruwan sabulu na ɗiga mini a kunne (injiniya guda, da digiri biyu), sai waya ta yi ƙara. Lambar Paris. "Salamu alaikum, Ilya ɗan Tunau, ina gajiya?" Duk Faransa mutum ɗaya ke kirana haka, kuma shekara goma sha ɗaya ba mu yi magana ba. Moussa. Na ce wa ya mutu? Ya ce ba kowa tukuna. Bakinsa na nan yadda na san shi.

André ne ba lafiya, tsohon Baturen nan mai busa saksofon. Ɓarin jikinsa ya shanye. Ran 21 ga Yuni zai cika shekara tamanin, ƴarsa na neman kaset ɗin wasan da ya yi da mu a Montreuil, don a sa mishi. Ni kaɗai na naɗi wasan.

Na ce zan duba. Na san inda yake sarai.

Laraba, 14 ga Mayu

Yana cikin akwati, ƙarƙashin takardun makaranta. Ya yi fumfuna kamar tsohon burodi. A jikinsa da rubutuna: Layi Tara, 21.6.2003.

Layi Tara! Mu biyar, duk ɗalibai, sunan jirgin ƙasan da ke kai mu Montreuil muka ara. Ba mu da waƙa rubutacciya ko ɗaya. Wani ya fara, sauran su bi, inda aka faɗa nan aka kwana. Ni gita, Moussa kalangu. Ranar bikin kiɗa ta shekarar muka yi wasa da la'asar a tsakar gidan ma'aikata, André ya zo daga Lyon a matsayin baƙo.

Bari in rubuta abin, tunda littafin nan ba ya dariya. Duk ɗalibai na ce musu Baba ɗan kasuwar shanu ne. Mahauci ne. Uban Moussa ne makaɗinsa, shi ke buga takensa a kasuwa in an yi yanka, gari ya ji naman Tunau ya fito. Ranar nan, gaban mutum ɗari biyu, Moussa ya buga mini taken mahauta. André ya ɗauke shi da ƙahonsa ya yi ta yawo da shi minti goma sha ɗaya, ni ina tsaye kamar turke. Da aka tashi wani mai karatun shari'a ya dafa ni ya ce, "Ashe ɗan fawa ne. A auna mana rabin kilo, ban da ƙashi."

Daga ranar ban sake taɓa gita ba.

Zan ba su kaset ɗin, hakkin tsoho ne. Amma ba dole sai da wannan wurin ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Unguwar Guillotière, neman abin da zai juya kaset. Abdou Bacade mai tsofaffin kaya ya hau tsani ya sauko mini da wata rediyo mai aljihu biyu. Ya ce, "Malam Ilya, ara na ba ka. In ta cinye kaset ɗinka, yunwa ce, shekara goma ba ta ci ba." Na ce in ta ci, kai zan kawo ma ta yi amai.

Na cire zaren na sa shi a sabon gida, na goge da auduga da alkol, na naɗe da biro. Awa uku. Abin haushi, na ji daɗin aikin.

Lahadi, 18 ga Mayu

Fuska ta farko ta tashi!

Farko wata iska ce kawai, shuuu, sai muryar Moussa ta faɗo cikin kicin ɗina: "Un, deux, kai wa ya taka mini waya?" Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.

Wallahi mun iya. Ban san mun iya haka ba. Ƙwarya ta fara, tsirkiyar bas mai kaurin amo ta bi ta a hankali kamar mai bin sawun akuya, ni na shigo da wani ɗan zagaye da na manta hannuna ya taɓa sani. Waƙa ta biyu ta ɓace mana a tsakiya, kowa ya kama gabansa, sai ga shi mun haɗu a wani wuri da ya fi inda muka baro. Ana jin ƙarar tukwanen matan kicin, ana jin wani Bamale, mutumin Mali, na ihu a kawo kujeru.

André ya shigo a ta uku. Ba zan ci hakkinsa ba: bai yi rawar kai ba. Ya jira, ya saurara, sannan ya sa baki kamar baƙon da ya san yadda ake cin tuwon mutane.

Na taka rawa da cokali a hannu. Ni. Maƙwabcin ƙasa ya buga silin da tsintsiya, na rage murya, ban daina ba.

Talata, 20 ga Mayu

Fuska ta biyu: zaren ya cukurkuɗe ya tsinke, daidai inda kalangu zai fara taken. Ko almakashi ban ɗauka ba. Wa zai ce laifina ne?

Asabar, 24 ga Mayu

Na je gaida André. Ashe duk shekarun nan bas ɗaya ce tsakanina da shi. Ƴarsa Françoise ta buɗe mini, mace mai saurin magana, ta cika ni da biskit.

Ya rame. Magana ba ta fita sai guntu-guntu. Ƙahon na rataye a bango, an goge shi yana ƙyalli. Ya dube ni ya daɗe, sai ya ɗaga hannun da ke motsi ya yi kamar mai kaɗa gita. Na ce eh, ni ne.

Sai ya fara buga hannun kujera da yatsu, yana gunguni ta hanci. Taken Baba ne, bai kuskure ko gaɓa ɗaya ba.

Françoise ta ce kullum sai ya yi shi, tun daga asibiti. Ta tambayi duk abokan busarsa, ba wanda ya san waƙar. Sai da ta kai ga Moussa, shi kuma ya ce a tambaye ni. Ta ce, "Yana cikin kaset ɗin, ko? Don shi kaɗai nake nema. Mene ne sunansa?"

Na ce ba shi da suna. Na ce zaren ya lalace, sai dai a gwada.

Rabi gaskiya. A bas ina ta jin haushin kaina, ina jin haushin Moussa da ya fi ni wayo.

Lahadi, 25 ga Mayu

Reza, salatif, tabarau biyu a hanci. Na miƙar da zaren da bayan cokali mai ɗumi, taku ɗaya-ɗaya. Abin da ya mutu bai kai daƙiƙa ashirin ba. Na haɗe.

Ban saurara ba. Na yi wanki.

Alhamis, 29 ga Mayu

Hutu ne yau, ba aiki, ba uzuri. Na saurara. Sau huɗu.

Ga abin da ke ciki, yadda yake. An zo wurin da zan shiga, ban shiga ba. Bas na zagaye yana jirana, gita shiru. Na tuna yanzu, tsoro ne ya kama ni, da na ga cikar mutane har bisa matakala. Sai kalangu ya kira ni. Sau ɗaya. Shiru. Sau biyu. A na uku André ya amsa a madadina, ya kuskure, Moussa ya maimaita mishi a hankali kamar mai koya wa yaro Fatiha, ya kama. Da ya kama kuwa! Ya ja shi ƙasa, ya hau da shi sama, ya karya shi ya ɗinke. Matan kicin suka rangaɗa guɗa.

A minti na huɗu gita ta shigo.

Na tsayar, na mayar baya. Gita ɗaya ce a Layi Tara. Minti bakwai ina amsa wa ƙahon, yana tambaya ina ba shi amsa, kuma ban taɓa kaɗa abin da ya kai wannan ba. Can ƙarshe wani ya kurma ihu kusa da makirfo: "Tunau mai wuƙa biyu! Yanka ka raba, gari ya ƙoshi!"

Muryata ce.

To ina turken? Shekara goma sha ɗaya ina ba kaina labarin na tsaya kamar turke. Ashe maganar rabin kilo ce ta zo daga baya ta shafe minti bakwan nan kaf. Mutumin ko sunansa ban riƙe ba.

Baba ya rasu 2008, ban je ba, takarduna na hannun hukuma. Uban Moussa ya riga shi. Ba wanda ya taɓa naɗar su. Abin da ya saura na kasuwar nan ga shi a rediyon Abdou, a bakin Bature.

Juma'a, 30 ga Mayu

Na kira Moussa bayan masallaci. Yana tasha, yana hutun tuƙin bas.

Na ce don me ka buga taken Baba ranar nan? Ya ce, "To da mi zan kira ka? Ka sandare kamar kifin firji. In buga ma taken gwamna? Abin da ubana ya kira ubanka da shi, shi na sani."

Na ce ka tona ni gaban mutane. Ya ce, "Ni da aka sani ɗan maroƙa tun daga filin jirgi, wa ya rufe ni? Kuma kowa ya san ubanka, Ilya. Kilishin da kake rabawa kana cewa na kanti ne, wane kanti?"

Na ce Allah ya isa. Ya ce amin, ya kai har Montreuil. Muka yi ta dariya har na ji fasinja na buga mishi gilashi.

Kafin ya kashe ya ce Halimatou matarsa na tambaya ko har yanzu ba na cin yaji. Ashe har labarina ya ba ta, ni ban ma san ya yi aure ba. Ƴaƴa uku.

Laraba, 11 ga Yuni

Na juye shi a faifai, na share iskar da ta sharu. Ihun nan na ƙarshe na sa yatsa zan rage mishi ƙarfi. Na bar shi.

Asabar, 21 ga Yuni

A jirgin dawowa nake rubutu.

Françoise ta ce tunda a Montreuil aka yi, can za a ji. Muka ɗauko André da kekensa na marasa lafiya tun safe. Tsakar gidan na nan, an yi fenti kawai, tukwanen ma kamar su ne. Moussa ya yi tumbi, furfura har gemu. Ya dube ni ya ce, "Wanga tsoho fa, ina ya kai Ilya?" Muka rungume, ya kusa karya mini tabarau. Mai bas ɗinmu ya zo daga Lille, mai ƙwarya ya aiko gaisuwa daga Yamai. Halimatou ta yi dambu, ta ware mini nawa ba yaji, ta ce, "Yaya Ilya, ga na marasa lafiya."

Bayan la'asar aka sa faifan. André ya rufe ido tun waƙar farko. Da kalangu ya yi kira na uku sai ya buɗe, yatsunsa suka hau kan bargo suna danna maɓallan da babu. Ɓarin bakin da ke motsi ya yi dariya. Ya nuna lasifika, ya nuna ƙirjinsa, ya ce, "Moi." Ni ne, wai. Françoise na kuka tana dariya tana neman hankici a jakar da ba tata ba.

Da ihun ya zo kowa ya waigo. Françoise ta ce me mutumin yake faɗa?

Na tashi. Ban shirya ba. Na ce da Faransanci, yadda na baya za su ji: waƙar tana da suna, na yi miki ƙarya. Taken ubana ne, Tunau, mahauci a kasuwar Maradi. Uban wannan mai tumbin ne ya yi mishi. Mai ihun kuma ni ne.

Ba abin da ya faɗo daga sama. Wani dattijo Bamale ya ce shi ma kakansa mahauci ne, ya miƙo mini hannu. André ya kama hannun rigata, ya yi ta kokawa da harshensa har ya fitar da shi: "Tu-nau." Sau biyu.

Moussa ya zaro kalangu daga ƙarƙashin tebur, munafuki, ashe da shi ya zo. Wani ya ɗora mini gita a cinya. Na ce yatsuna sun mutu. Moussa ya buga kira ɗaya.

Ban bari ya kai na biyu ba.

Litinin, 23 ga Yuni

Yatsu huɗu duk sun yi bororo. Na kasa riƙe sukudireba, patron, maigidana a wurin aiki, ya ce me ya same ni, na ce ƙuna ce.

Na mayar wa Abdou rediyonsa. Na bi ta kantin kayan kiɗa, tsirkiya kawai na tambaya, kallo ne. Suna cikin aljihuna. Na kuma tambayi patron ko ana iya ba ni hutun Disamba gaba ɗaya. Tambaya ce kawai. Moussa ya ce in har za ni Maradi, in kai wa mahautan layin Baba faifai ɗaya, su ji abin da Bature ya yi da takensu.

Abin da na ceto daga kaset mai minti casa'in: minti saba'in da huɗu. Waƙa shida cikin takwas. Taken Baba, minti goma sha ɗaya ba daƙiƙa ashirin, da ihun a ciki. Faifai biyar na buga: André, Moussa, Lille, Yamai. Ɗaya na cikin akwati, bisa fasfo.