Ba Gaisuwata Ce Ta Cinye Yatsun Isiyaku Ba

Zuwa ga Malam, jagoran halƙar karatun nan ta unguwar Na'ibawa wadda na zauna a cikinta shekara tara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku gaisuwar da ta dace da babba, da fatan kuna lafiya, ku da iyali.

Sunana Hamisu, dogon nan mutumin Jigawa da ke aiki a kamfanin leda a Sharada, wanda ya daɗe yana shimfiɗa muku tabarmin karatu. Ba zan ambaci sunanku ko na halƙa ba. Na rubuto a fili ne saboda ku kuka fara kai maganar fili: muryarku na yawo a wayoyin ma'aikata tun daga Challawa har Bompai, kuma duk wanda ya san ni ya gane da wa kuke.

Na farko, maganar hannun Isiyaku.

Mako uku da suka wuce, ranar Talata da hantsi, injin niƙa roba ya kama hannun Isiyaku, abokin aikina, wanda har gobe ɗan halƙarku ne. Ni na kashe injin. Na cire rigata na ɗaure masa hannun, ni da Sunday mai gyaran lantarki muka sa shi a Adaidaita Sahu muka kai asibiti. Suka ce ana buƙatar jini, nawa ya zo daidai, aka ɗiba. Yatsu uku suka tafi, amma Allah Ya bar shi da rai.

Sai bayan la'asar mutanenku suka iso. Na yi musu sallama, babu wanda ya amsa. Wannan na saba. Abin da ban saba ba shi ne naƙibinku Malam Sabo, wanda kuka ɗora a kan 'yan halƙa na kamfaninmu, ya ja ma'aikaciyar jinya gefe yana tambaya ko jinin wa aka sa masa, kuma ko akwai yadda za a yi a canza. Matar ta dube shi ta ce, "Malam, lafiyarka kuwa?"

Ran Juma'a kuma sai ga karatunku. Kuka ce wani ɗan'uwa ya riƙa miƙa hannu yana gaisawa da wanda ya fita daga cikin jama'a, sai Allah Ya nuna masa aya a hannun. Aka yi ta kabbara. Ina cin abincin rana aka kunna min, na ture kwanon. Mutum na kwance, matarsa na wanke masa baki saboda ba ya iyawa, ku kuwa kun samu misalin wa'azi.

Ga gaskiyar da ba ku tambaya ba. An cire murfin kariyar injin don gyara, ba a mayar ba, mun kai ƙara har sau biyu. Sannan hannun hagu ne, Malam. Isiyaku bai taɓa gaishe ni da hagu ba.

Na biyu, kun ce masu fita 'yanci suke nema, kuma 'yanci sabon suna ne na fasiƙanci. Tunda da ni ake, bari in faɗi abin da na baro.

Ba na musun alherinku. Na zo Kano da jaka ɗaya, ban san kowa ba. Halƙa ta ba ni wurin kwana, ta nemo min aiki, a gabanku na gyara Fatihata. Amma a hankali aka fara: kada ka ci abinci da wanda ba namu ba, kada ka bi limamin masallacin kamfani, kada ka yi tafiya sai da izini. Duk Asabar kuma kowa ya faɗa wa naƙibi abin da ya gani a wajen ɗan'uwansa.

Lokacin da aka bugo min cewa jikin Baba ya yi tsanani, na zo na durƙusa a gabanku ina neman izinin zuwa gida. Kuka ce in bari a gama taron kwana uku, kuka ƙara da cewa ai ko na je, tsohon ba a kan hanyarmu yake ba. Na zauna na ci gaba da raba ruwa a taro. Da na isa garinmu, ƙasar kabarinsa na tarar, ko bushewa ba ta yi ba. Inna ba ta yi min faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ya yi ta tambayar ko motar Kano ta shigo."

Abin ƙyamar shi ne na dawo na ƙara shekara uku tare da ku. Wannan ba laifinku kaɗai ba ne, kuma ba zan ɗora muku duka ba.

Abin da ya fitar da ni, ni da kaina na aikata shi. Wata Asabar Malam Sabo ya matsa min sai na kawo wani abu, sai na ce na ga Isiyaku yana cin wake da shinkafa a kwano ɗaya da Sunday. Aka tsayar da shi a gaban mutane, magidanci mai 'ya'ya huɗu, aka sa shi ya maimaita laifinsa da ƙarfi, aka ce kada kowa ya yi masa magana kwana goma. Kwana goma muna tsaye a kan inji ɗaya, yana miƙo min buhu, ina kau da kai. Rana ta goma sha ɗaya shi ya fara ce min, "Ina kwana, Hamisu," kamar ban yi masa komai ba. A ranar na ji ƙazantar kaina har ba na son taɓa jikina. Ban sake taka halƙa ba.

Na uku, ga 'yancin da kuke tsoratar da mutane da shi.

Ban bar salla ba, ban bar azumi ba. Juma'ar farko da na fita, na tsaya a bakin titi, manyan motoci na wucewa, na rasa masallacin da zan nufa, don shekara tara ban taɓa zaɓar komai da kaina ba. Har aka yi wata biyu, in zan je kasuwa sai in ga na ciro waya zan sanar da naƙibi. Mutum mai gemu, mai mata da 'ya'ya.

Yanzu in an kira azahar nakan bi duk wanda ya shige gaba a masallacin kamfani. Wani lokaci dattijon nan ne mai gadi, mutumin Nijar, wanda karatunsa ya fi nawa daɗi, alhali shekaru na yi ina yi masa kallon ɓatacce. Nakan ci abinci da wanda na ga dama. In na ji kewar Inna, ranar hutuna in hau mota in je in zauna ta yi min hirar kaji da maƙwabta. In na ji abin da ban gane ba a addini, in tambayi malami biyu ko uku, in yi tunani. In na ga aibin wani, ba ni da wurin kai shi, sai in yi shiru. Wannan ya fi komai sanyaya min rai.

Ba zan ce duk daɗi ne ba. Da matata ta haihu bara, ko mutum ɗaya daga halƙa bai zo suna ba, har waɗanda na yi jinyarsu. Ta yi kuka, don ƙawayenta duk matan halƙa ne. In na yi kuskure yanzu, ba ni da wanda zan ce shi ya sa ni. Nauyin a kaina yake, kuma na gwammace haka.

Shekaranjiya na je duba Isiyaku, na tarar ba kowa sai matarsa. Isiyaku ya ce min a hankali, "Hamisu, in mutum ya fita, wa zai yi masa salla in ya mutu?" Malam, wannan ne kuka shuka a ransa. Mutum yana zaune a Kano, garin da in an fito da gawa har mai tura ruwa ke ajiye kurarsa ya shiga sahu, amma yana tsoron ba za a sallace shi ba. Na ce masa Musulmi za su yi. Ban ce masa ya fita ba, kuma ba zan ce ba, don in na zaɓa masa na zama wani naƙibin ke nan.

Buƙatuna ba su da yawa.

Ku janye maganar aya a zaman da kuka yi ta, da muryar da kuka yi ta, ku bari ta yi yawo a waya kamar waccan.

Ku gaya wa Malam Sabo ya daina tsare matar Isiyaku a ƙofar asibiti yana tambayar wa ya zo.

Mutanenku uku sun san an cire murfin injin nan. Kamfani na neman ɗora wa Isiyaku sakaci, su kuma sun ƙi ba da shaida saboda wai ba za su tsaya gefe ɗaya da ni ba. Ku sake su su faɗi abin da suka gani. In tsayuwa da ni ce matsalar, zan jira a waje har su gama.

Kuma duk wanda ya zo muku yana cewa mahaifinsa na kwance, ku ce masa ya tashi ya tafi a take.

Allah Ya ba Isiyaku lafiya. Allah Ya yafe min abin da na yi masa. Ku kuma, Malam, Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, Ya azurta ku da mutum ko ɗaya a kusa da ku wanda zai iya ce muku kun yi kuskure ba tare da jikinsa na rawa ba.

Wassalam.

Hamisu,
ma'aikacin kamfanin leda, Sharada, Kano.