Rassa Uku a Kan Taga

Baba, ina kwana. Na fita aiki, ban so in tashe ka ba.

Ɗazu na duba shukar Inna mai fararen furannin nan ta bakin ƙofa, na tarar ta langaɓe. Da na tona ƙasar, sai wari, saiwar duk ta ruɓe. Ruwa ne ya yi mata yawa. Inna sau ɗaya take ba ta a mako, kai kuwa safe da yamma.

Na yanko rassa uku masu lafiya, suna kan tagar kicin bisa jarida. Don Allah kar ka tsoma su a ruwa. Sai bakin yankan ya bushe, ran Asabar mu dasa tare a ƙasa mai yashi. Farin ruwan da ke tsatsowa kar ka taɓa shi, har yanzu yatsuna raɗaɗi suke yi.

Na san tun rasuwarta kake shayar da shukar don kar ita ma ta tafi. Rassan nan kaɗai suka rage mana, Baba. Ka daure ka bar su da ƙishi.

Butar ban-ruwan ma na tafi da ita, kar ka wahala nema.

Autarka