Ranar da Aka Rufe Tur'a

Ard al-Liwa, Alƙahira
4 ga Satumba, 2013

Maman Khairat,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara. Ya ƙafar Inna? Ni ƙalau, sai gajiya.

Ina nan a gonar dabinon nan ta bayan Giza. Da maigonar ya ji na yi shekara goma sha ɗaya a kwana-kwana a Gusau, sai ya ɗora mini shirin gobara, don maƙwabta sun kusa fara ƙona kara. Da ƙafata na auna: taku ɗari bakwai daga tur'a, wato hanyar ruwan da aka jawo daga Nilu, zuwa bukkar Baba Ya'ƙub mai gadi, Bahaushen Sudan ɗin nan da ke dafa mini shayi. Injin tura ruwa ɗaya ba zai kai ba, ruwa kan mutu cikin doguwar mesa. Na kafa ɗaya a bakin tur'a, na biyu a tsakiya ya karɓa ya tura. Da muka gwada, ruwa har kan dabino.

Hussain, shugaban ma'aikata, wanda bai san sunana ba sai "ya Afriki", wato kai ɗan Afirka, wai in cika duro shida da ruwa in ajiye kusa da inji na biyu. Ko kallonsa ban yi ba. Ga Nilu, me zan yi da duro?

In aikin nan ya riƙe, ina tafe ƙarshen shekara. A gaida kowa.

Naki,
Zubairu

22 ga Oktoba, 2013

Maman Khairat,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, Baba Ya'ƙub ya rasu.

Talatar da ta wuce da azahar wuta ta tsallako mana. Na ruga bakin tur'a, na tarar da laka. Ashe nan bi da bi ake sakin ruwa, kwanaki a buɗe, kwanaki a rufe. Kowane manomi ya sani. Ni ranar buɗewa na yi gwajina. Inji ya yi ta zuƙar taɓo, mesa tana kwance fayau. Baba ya koma kwance awakinsa, hayaƙi ya kayar da shi. Hussain ne ya fito da shi, hannuwansa biyu suka ƙone.

Maigona ya ɗora wa Hussain laifi, zai kore shi. Babu wanda ya ji maganarmu ta duro, Hussain ma bai tayar da ita ba. Kwana biyu na yi shiru, ina tuna ku. Har yanzu ba sonsa nake ba, amma shi ya faɗi gaskiya, ni na ƙi ji. Alhamis na je na faɗa wa maigona. Khalas, shi ke nan, ni aka sallama.

Jiya Hussain ya zo har ɗakina, hannu a naɗe, ya ce mini ma'alish, wato in yi haƙuri, ya kira ni Zubairu. Da "ya Afriki" ya ce, da ya fi mini sauƙi.

Ki roƙi Inna ta sa Baba a addu'a. Kada ki ƙara yi wa Khairat maganar zuwana tukuna. Allah ya tsare mini ku.

Mijinki,
Zubairu