Madannin Malam da Tulun Iri

Gidan Dinya, ta Tsanyawa
Farkon Sha'aban

Zuwa ga ƙanena Iliyasu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Mairo da yara. Ya gyaran rediyo, ya kuma haƙuri da zamani? Mu nan sai godiya. Tuwo dai ya ja baya a kwano, amma ana ɗora tukunya.

Roƙo ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san geron da muka shuka bara ya tsiro ya ƙone har sau biyu. Irin da ya rage mana tulu ɗaya ne, na liƙe bakinsa da laka, ko ranar da muka kwana da kunu kaɗai ban buɗe ba. In wannan ya tafi ba mu da wani, maƙwabta ma ba su da na bayarwa.

Malam ya ce bana binne zai yi, a zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Ɗanmu Basiru ya tafi ci-rani bai dawo ba, daga ni sai Malam sai 'yarmu Larai, in muka jira aka yi ruwa ƙasa za ta bushe ba mu gama ba. In kuma muka yi gaggawa, zabi da ɓeraye su tone, ko yayyafi ya ruɗi irin ya tsiro ya mutu. Shi ya sa yake so a binne a ranar da babban ruwa yake tafe. Aminin nan nasa Malam Muntaka na Nguru, wanda suka yi aikin buga waya tare a tashar jirgin ƙasa, shi ma yana da rediyo da takardar izini irin ta Malam, suna gaisawa safe da la'asar da bugun nan nasu na Mos, gajere da dogo. Hadari daga gabas yake zuwa, sai ya bi ta kansu kafin ya iso mu. Sun yi alkawari, ranar da aka zuba ruwa mai ƙarfi a can, zai bugo.

Ban ɓoye maka ba, zuciyata ta yi ta raya min ko wannan shiga gaibu ne. Na aika aka tambayi Liman, ya ce labarin abin da ido ya riga ya gani ne, kamar matafiyi ya ce ya baro ruwa a baya. Sannan na samu natsuwa.

To, madannin da yake bugawa da shi ya lalace. Gara ta cinye katakon, sifirin ya karye, ya ɗaure da robar keke, yau ya yi gobe ya ƙi. Ka taimaka ka nemo mana wani. Na ce ya faɗa min siffarsa, ga yadda ya ce: ya zama mai nauyi, wanda ba ya tafiya a kan tebur. Na tagulla in da hali. Hannunsa kada ya yi lilo gefe da gefe. Bakin ƙarfen da ke haɗuwa ya zama tsaf, tsakaninsu kaurin takarda ɗaya. Na ce, "Malam, madanni za a saya ko suruki za a zaɓa?" Ya ce, "Suruki ai ana haƙuri da shi."

Ka ba Mati direba ya taho da shi. A gaida Mairo. Allah ya bar zumunci.

Yayarka, Furera

*

Fagge, Kano

Yaya Furera,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, kowa lafiya, Mairo tana gaishe ki da kyau.

Yaya, a garin nan yanzu sabulu ma sai an bi layi, balle madanni. Na zaga Sabon Gari har takalmina ya tsinke. Wani ya miƙo min makullin ƙofa, wani ya ce in ina nufin makunnin fitila ne akwai. Amma kin san ƙanenki ba ya dawowa hannu rabbana. A wurin wani mai gwangwan na tsinci wanda ya fi ƙarfin abin da kuka nema, fari tas, yana ƙyalli sai ka ce madubi. Wannan ba danna shi ake yi ƙasa ba, gefe ake tura shi. Ki tura dama, shi da kansa zai yi ta zubo gajerun bugun nan, tirrr, babu wahala. Atomatik ke nan. An ce irinsa masu jiragen ruwa suke riƙewa.

Ki gaya wa Malam Khalilu zamanin jaki ya wuce, na sayo masa babur. In ya ce ba shi ya faɗa ba, ki ce masa wanda ya aiki gwani kasuwa ba ya tsara masa. Akwai wani ɗan ƙarfe da na ga kamar ya ɓace daga jikin sandarsa, mai gwangwan ya ce ado ne kawai.

Ga shi nan a kwalin da Mati zai ba ki, da ɗan sukari na azumi. Ladana dami ɗaya in kaka ta yi, kada a manta.

Naki, Iliyasu

*

Gidan Dinya
Farkon Azumi

Ƙanena Iliyasu,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibada. Saƙo ya iso, sukari kuwa ya zo a kan gaɓa, Allah ya saka da alheri.

Kada ka ji haushin abin da zan faɗa, na san ka wahala. Da Malam ya buɗe kwalin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Na aiki yaron nan ya sayo min akuya, ya kawo min barewa." Ɗan ƙarfen da aka ce maka ado ne, ashe shi ne nauyin da ke rage masa gudu. Malam ya ɗaura masa noti, ya ɗaura dalma, duk da haka in ya nemi gajere uku sai ya ba shi bakwai. Shekara da shekaru hannunsa sama da ƙasa ya saba, yanzu an ce ya koma gefe. Larai tana tankaɗe a tsakar gida ta ce, "Inna, Baba ne yake magana ko gyare ne ya shiga ɗaki?" Na hana ta dariya, ni ma na shige madafa na yi tawa.

Tsohon madannin kuwa ya gama mutuwa, don haka da naka yake fama. Ranar farko Malam Muntaka ya tambaya wane ne. Malam ya ce shi ne. Ya sake tambaya. Ashe su masu wannan aiki kowa da irin bugunsa, suna gane juna da shi kamar yadda nake gane tarinka ta bayan katanga. Da ya yarda shi ne, sai ya ce me ya sami hannunka? Malam ya so ya yi masa bayanin madanni, bayanin ya fita a dagule. Ya ce lafiya lau yake, wannan ma ya fita yana karkarwa.

To yau kwanaki ke nan ana kira, Nguru shiru. Malam ya kai batir Tsanyawa ranar kasuwa an yi masa caji, ya hau ya duba wayar rediyon da ya ɗaura a kan bishiyar ɗinya, komai daidai. Na ga ya rage cin abinci ko da buɗa-baki. Gabas kuma ta fara haɗa gira da yamma. Wasu maƙwabta sun riga sun binne, suna tsokanarsa wai ya tambayi akwatinsa ko yaushe ne. Ni dai tulu yana nan a liƙe, kullum sai na shafa bakinsa na yi addu'a.

In ka ji labarin wani madanni na gargajiya, komai muninsa, muna so. Ka sa mu a addu'a.

Yayarka, Furera

*

Fagge, Kano

Yaya,

Wallahi na ji kunya. Mairo ta ce dama duk abin da ya cika ƙyalli ni ne mai sayensa, har ita. Na koma wurin mai gwangwan, ya rantse bai taɓa ganina ba. An kwatanta min wani tsohon ma'aikacin waya a bayan tasha, na je, ya ce yana da shi amma ko ɗansa ba zai ba aro ba, wai madanni ba ya son hannu biyu. Gobe zan koma da goro.

Ki ba Malam haƙuri. Damin nan na yafe. Jiya an yi walƙiya a nan amma ko ɗigo. Don Allah kada ku fasa tulun nan saboda surutun mutane.

Iliyasu

*

Gidan Dinya
Tsakiyar Azumi

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ka ajiye goronka, ka zauna ka ji.

Shekaranjiya da hantsi ina shara sai na ji sallama a zaure, muryar da ban sani ba. Larai ta leƙa ta ce wani dogon tsoho ne da jaka, yana tambaya ko mai gida yana gane mutane. Kafin in fahimta sai ga Malam ya shigo daga gona da gatari a kafaɗa. Tsohon nan ya saki jakar.

"Khalilu! Kai ne a tsaye?"

"To a kwance ka so ka same ni? Muntaka, me ya kawo ka nan?"

"Miƙo hannun nan in gani."

Ya kama hannun Malam ya juya ciki da baya, ya ce ya matse nasa. Malam ya matse har sai da tsohon ya yi ƙara. Ashe da ya ji bugun nan yana karkarwa ya yanke cewa shanyewar jiki ce ta kama amininsa yake ɓoye masa. Ya ce baki yana iya cewa lafiya lau, amma hannu ba ya ƙarya. Ya rufe ɗakinsa, ya biyo jirgi zuwa Kano, jirgin ya lalace a hanya ya yi kwana da kwanaki, ya taho har da man shafawa da zuma a kwalba.

Suka yi ta dariya suna share hawaye. Can Malam ya tsaya cak.

"Tsaya. Kai kana nan, wa ka bar mana a gabas?"

Malam Muntaka ya dafe kai ya ce, "Na zo duba mara lafiya, na kashe masa gona."

Allah da ikonsa, bawan Allahn nan ba ya tafiya ko'ina ba tare da madanninsa ba. Ya ciro shi daga jaka a naɗe cikin tsumma, baƙi, mummuna, nauyi kamar ɗan dutsen niƙa. Ya zura takarda a bakin ƙarfen ya ja, ya ce haka ake goge shi, kada in kuskura in sa masa toka. Na ce ban yi niyya ba. Malam ya ɗora yatsu uku a kai, ya ɗan sassauta sifirin, ya fara. Ni ban san karatun ba, amma na ji bambanci, kamar mai karatu ya bar in'ina ya koma ba kowane harafi haƙƙinsa.

Tunda babu kowa a Nguru, sai suka yi ta kiran duk wanda ke ji daga gabas. Ranar nan babu amsa. Jiya bayan asuba, cikin ƙarar tsawa da ke cika rediyon, wani ya amsa can ƙasa-ƙasa, daga Injamina. Ba su san shi ba, ba ya jin Hausa, amma suna da gajerun kalmomi da duk masu bugun nan suka sani. Ya ce ruwa kamar da bakin ƙwarya, iska ta yi yamma.

Suka hau gardama. Malam Muntaka ya ce wurin da nisa, hadari yana iya watsewa a hanya. Malam ya ce na nesa ma ya fi ba mu lokaci. Daga ƙarshe suka juyo gare ni, wai tulu a hannuna yake. Na ce bismillahi, na fasa lakar.

Su biyu suna gaba da sungumi suna sara, ni da Larai muna baya muna zubawa muna rufewa da dunduniya, ga azumi ga rana. Malam Muntaka ya ce kaffarar laifinsa ce, ko hutawa ya ƙi yi. Maƙwabta suka tsaya a bakin gona suna kallo, biyu daga ciki suka koma gida suka ɗauko nasu irin. Mun gama dab da magariba, tulu ya koma fanko.

Har yanzu da nake rubutun nan ko ɗigo bai sauka ba. Sama dai ta yi nauyi, iska ta tsaya. Larai na can tana korar zabi. Mati zai tashi, bari in naɗe. Ka ce da Mairo ta taya mu roƙo.

Yayarka, Furera

*

Gidan Dinya
Goman ƙarshe

Iliyasu,

Assalamu alaikum. Motar Mati ba ta kai bakin titi ba aka sako ruwa, har katangar bayan gida ta zube, ba wanda ya damu da ita. An sake yi bayan kwana kaɗan. Gero ya fito, layi-layi, kore shar. Alhamdu lillahi.

Malam Muntaka ya koma. Ya bar wa Malam madanninsa, ya tafi da naka, ya ce in ya hore shi zai bugo, kada kowa ya tayar da hankali in an ji yana karkarwa.

Malam ya ce bai karɓi yafiyarka ba, daminka yana nan, amma a gona yake. Ka zo da sallah, ka taho da fartanya.

Yayarka, Furera